Langa a Kan Tudun Gangara

Kullum bayan magariba Maharazu kan hau tudun yashin da ke bayan Gangara ya yi langa shi kaɗai, yana shirin gasar da za a yi a Cadawa. Ran nan, ya kama babbar yatsar ƙafarsa ta baya ke nan, sai ga wani dattijo ya hauro yana tsalle da ƙafa ɗaya, ko haki ba ya yi.

"Samari, mu taɓa?" in ji shi. "Amma wanda ya saki ƙafarsa, ya bar wa ɗan'uwansa ita."

Maharazu ya yi dariya. "Na yarda, Baba."

Suka yi ta zagayen juna. Kukan gyare ya ɗauke. Maharazu ya fara gajiya, gumi ya jiƙe masa tafi.

Sai a lokacin ya lura hannuwan dattijon duka biyu a sake suke, suna lilo. Iska ta ɗaga rigarsa, babu wata ƙafar a ciki.

Yatsar ta fara zamewa daga hannun Maharazu.

"Kada ka yi gaggawa," in ji dattijon. "Na saba jira."