Kamu Goma na Baffa Jalo

Hamsatu tana tankaɗe a tsakar gidansu da ke Ƙofar Ran, sai Baffa Jalo, ƙanin marigayi mahaifinta, ya faɗo ko sallamar kirki babu.

"Hajja! A haɗa kayan sa ranar telan nan a mayar masa. Yau, ba gobe ba!"

Hajja, uwar Hamsatu, ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Sabitu? Me ya yi, Jalo?"

"Sata! Yadin akoko kamu goma na kai masa ya ɗinka mini riga da wandon bikin 'yancin kai. Yau na koma, na tarar bai yanka ba, na auna da hannuna a gaban jama'a, tara da ɗan kai! Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne: bashi ya ci a kanti ya sayi keken ɗinkin, da yadin mutane yake biya."

Rariya ta suɓuce daga hannun Hamsatu. Ta buɗe baki, Hajja ta harare ta, ta rufe. Yarinya ba ta kare saurayi a gaban baffanta.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Wata ta ce zanenta ma ya ragu, wani ya rantse ya ga Baturen kanti a ƙofar shagon.

Kwana uku bayan haka Sabitu ya zo. Baffa ya ƙi fitowa. Hamsatu ta tsaya bayan ƙyauren zaure.

"Malam Sabitu, ka gaya mini gaskiya. Ka yanka?"

"Ko inci ɗaya, Hamsatu. Jiƙa shi na yi. Malam Elias da ya koya mini ɗinki a Jos ba ya yanka akoko sai ya sha ruwa ya bushe, don in bai tsuke a hannun tela ba, zai tsuke a jikin mai shi. Keke kuma na biya tsaf, ga rasit."

"To, me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Baffa ya ce tun da aka haife shi bai ga ruwa ya ci yadi ba, rasit kuwa boko ne, kowa na iya rubutawa. Sai in tsaya a kasuwa in ƙaryata dattijo?"

Hawaye suka zubo mata. Ta sani, ya sani, amma babu mai sauraronsu.

Aka mayar da kaya. Kwastomomi suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu Hamsatu ba ta jin labarinsa sai a bakin ƙawarta Ruƙayyatu: yana buɗe shago kullum, ya zauna gaban keke, facin tsumma kawai ake kawo masa. Hamsatu ta rame. Ba ta yi wa Baffa tsiwa ba, ba ta daina kai masa fura ba. Addu'a kaɗai ta rage mata.

Baffa kuwa wani tela ya kai wa sabon akoko, aka ɗinka masa yadda yake so. Ana gobe biki Hajja ta sa aka wanke kayan. Da safe ya fito tsakar gida, wando ya ɗangale har ƙwauri, riga ta shaƙe masa hammata.

Hajja ta dube shi sama da ƙasa. "Jalo, wannan karon wa ya yi satar? Ni na tsaya a kan wankin."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, ana jiyo kiɗa daga gari. Can ya ce a hankali, "Hamsatu, miƙo mini tsohuwar rigata."

Ba filin biki ya nufa ba. Ƙofar shagon Sabitu ya tsaya, wandon a hannu, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta ranar farko: "Jama'a, ni na ɓata yaron nan, kuma ni ne ban sani ba!"

An ɗaura auren bayan damina. Wasu kwastomomin ba su taɓa dawowa ba, don ƙaryar ta kai inda ban haƙurin Baffa bai kai ba. Haƙuri ya mayar wa Hamsatu da Sabitunta. Amma duk wanda zai kira mutum ɓarawo, ya fara tambayar yadda aikin yake.