Motar da Munzali Ya Turke

Sunan motar ya ɓace mini, haka ma kuɗin da aka saye ta. Tsufa ya kwashe. Abin da ya rage shi zan faɗa, domin a farkon shekarun Shari'a na yi damina uku ina karantarwa a zauren gidan su Munzali a Zango.

Munzali manomi ne, daga shi sai mahaifiyarsa Inna Hadijatu da gonar gado guda. Yana son Juwairiyya, 'yar wani attajirin Daura. Uban ya amince, amma ƙanwar uban, Gwaggo Larai, ita ke juya gidan. Wata Juma'a Munzali ya je gaisuwa, ya jingine babur a ƙofa, sai ta leƙo ta taɓe baki.

"A kan wannan za a ɗauke mana ɗiya? An rage mana kiɗa a biki, yanzu motar ma a hana mu? Mijin yayarta da jif ya zo!"

Juwairiyya ta biyo shi soro da hawaye. "Filis, Yaya Munzali, ka rabu da ita. Ni ko a ƙasa zan bi ka."

Bai ji ba. Da ya dawo ya ce wa Inna zai sayar wa maƙwabcinsu Sharu Lawal gonar ya sayi mota, kuma Sharu ya yi alkawarin mayar da ita a kuɗinta in bai wuce damina biyu ba.

"Gonar ubanka, Munzali?"

"Inna, kamar turkar sa ce. In saya, in killace, bayan biki in sayar da riba in fanso gona."

"Sa harawa yake ci ya yi ƙiba. Ita me za ta ci?"

Na so in sa baki, to ni ma ban san mota ba.

Aka sayo ta, baƙa wuluk, tana ɗaukar ido. Ta kai amarya, Gwaggo a gaba tana guɗa. Daga ranar ya yi mata rumfa, ya hana a cire ledar kujerun, kullum yana goge ta. Ko asibiti Inna za ta, a babur yake kai ta, wai kada motar ta tsufa.

Da damina ta biyu ta ƙarato ya kai motar wajen dillalai a Daura. Wani matashi ya zagaya ta sau ɗaya.

"Sori, Yallaɓai, an yi sabon modal, fitilun ma sun canja. Manya ba sa hawan tsohon yayi, talaka kuma ba ya iya shayar da ita mai."

"Ko leda ban cire ba!"

"Ai shekara ake saye, ba leda ba."

Abin da suka taya bai kai rabi ba. Haka ya sallama, wa'adin Sharu kuma ya wuce. Inna ta daina fita ƙofar gida don kada ta hango geron wani a gonar mijinta.

Sai ga Gwaggo Larai da motar haya. "Tashi ki haɗa kayanki! Ba gona, ba mota, zaman me kike yi?"

Juwairiyya ta durƙusa. "Gwaggo, ki gafarce ni. Saboda maganarki ya rasa gonar. In na tafi, me kuma ya rage masa?"

Ashe da sadakinta ta sayi maruƙa biyu, tana turke da su a bayan ɗaki, mijin yana ta goge mota bai ko kula su ba. Da maruƙan suka yi ƙiba aka kai su kasuwar Mai'adua. Aka haɗa da kuɗin motar, Sharu ya tausaya ya sayar musu da kashi ɗaya cikin uku na gonar, gefen da tsamiya take. Inna ba ta ci geron ba. Ta rasu ana saura mako a yi girbi.

Yarana, haƙurin Juwairiyya ya riƙe aurenta har yau, amma haƙuri ba ya dawo da duk abin da aka zubar don a burge mutane. Kada gorin wani ya raba ku da abin da ke ciyar da ku.

Daga baya an ce mini motar tana Kongolam, can bakin iyaka. Ban yarda ba sai da na bi ta can na gani da idona: tana bayan wani gareji a kan duwatsu, ba taya, ledar kuwa tana nan a kujerar baya.