Kwanson Harsashi Mai Ɗumi

Mai gyaran bindiga bai taɓa tambayar mai sayen harsashi me zai yi da shi ba, ko a jikinsa. Yana rufe shago bayan isha'i, wani dogo ya miƙo masa tsohuwar bindigar soja mai sakata.

"Baba, duba min darajarta."

Mai gyaran ya karanta tambarinta, ya shinshina bakinta. Tsatsa ta cinye ta, amma warin albarushin sabo ne.

"Kai, ina ka samo ta?"

"Yau kuma ka iya tambaya?"

Mai gyaran ya ja sakatar bindigar, kwanson harsashi ya faɗo da ɗumi, ɗauke da tsagar da yake yi wa harsasansa da magagari. Ya ɗago kai. Ta cikin wani ramin harsashi a ƙirjin baƙon yake hango fitilar titi.