Tirelar Yaya Du-seok

Ranar Lahadi da yamma Yaya Du-seok ya roƙe ni in sauko masa da tirelarsa daga sansanin hutu na kan dutse. Ƙarama ce da ake ja da mota, mai gado da kicin a ciki. Wannan tirelar matarsa Hye-ran take ja bara lokacin da motarta ta ƙwace a gangarar nan ta rasu. Tirelar ba ta yi komai ba, aka mayar da ita sama aka ajiye.

"Birkinta fa, Yaya?"

"Jiya bakanike ya duba. Kai dai Man-gi, tsoro kamar kaza!"

Na ɗaura sarƙa, na jona waya, na gwada fitilu. Birki kuwa na yarda da maganarsa. Ya ce zai biyo ni a baya.

Rana na faɗuwa na kama gangara da ƙaramar giya. A kwanar hanya ta uku na taka birki, sai na ji tirela ta turo ni. Ƙaurin ƙarfe ya cika motar, haɗe da ƙamshin miyar waken soya, kamar yanzu aka sauke.

Na duba madubi. Babu motar Yaya.

Fitilar cikin tirelar a kunne take.

Ƙwas. Ƙwas. Ana yanka albasa a kan katako.

Na sake taka birki. Gudu sai ƙaruwa.

Numfashi mai sanyi ya sauka a bayan kunnena.

"Du-seok," in ji muryar mace ƙasa-ƙasa. "Ashe ka zo."

Na ce, "Anti Hye-ran... Man-gi ne."

Wuƙar ta tsaya.

"Kai ya turo?"

"Ni."

Tayoyi na kuka.

"Ni ma ce min ya yi an duba. Yi dama. Yanzu!"

Na murɗa sitiyari. Motar ta faɗa hanyar tsira ta gefen titi da aka zuba wa tsakuwa don motocin da birki ya tsinke wa, ta nutse har ƙofa.

Tsit.

Na fita na rarrafa ƙarƙashin tirelar. Wayar birki a datse take, an naɗe wurin da salatif. Bakin yankan har ya yi tsatsa, tsohon yanka ne.

Na kira Yaya. Bugu ɗaya ya ɗauka. Bai tambayi ko na ji ciwo ba.

"Me ta gaya maka?" ya ce.

Washegari na kai 'yan sanda wurin. Yau wata takwas Yaya yana tsare. Umma kuwa ta canza makullin gidanta, ta ce ba ta haifi mai kai ɗan'uwansa ƙara ba.