Gonar da Aka Share Fes

A can wani zamani an yi wani manomi mai son a yaba gonarsa. Duk lokacin sharar gona, mahaifiyarsa takan ce, "Ɗan nan, ka bar ƙananan gawon nan su tashi."

Sai ya ce, "Inna, fes nake son gonata." Ya sare su, ya ƙone. Bana fes, baɗi fes.

Da itatuwa suka ƙare, iska ta samu hanya. Ya shuka gero, yashi ya binne. Ya sake shukawa, yashi ya binne.

Rannan ya ga ɗan tsiron gawo guda, ya durƙusa yana kewaye shi da ƙaya. Ya ce, "Inna, yaushe zai girma ya tare iska?"

Ta daɗe tana kallon gonar. Ta ce, "Ni dai ba zan gani ba."