Rabin Kalmar da Bakari Ya Tsinto

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa natsuwar zama da takarda a wannan zamani na gaggawa, ina yi maka sallama irin ta mutanen da, sa'an nan ina roƙon aron kunnenka. Mu da muka tarar da unguwar New Bell ta Douala tana gidajen katako, lokacin da kukan jirgin ƙasa ne agogon unguwa, muka kuma koyi Faransanci a gaban malamai masu bulala, mun san cewa kalma amana ce, ba a ɗaukar rabinta a bar rabi. Yaran yau kuwa tsintarta suke yi a bakin titi kamar gyaɗa. Da yake jama'a sun ɗora mini nauyin sasanta rigingimun unguwa, ba don na nema ba, sai don sun duba ba su ga kamata ba, ya wajaba in rubuta ɓarnar da rabin kalma ya so ya yi wa wani gida mai albarka.

Mahmudu mai sayar da atamfa ne a kasuwar Mboppi. Matarsa Rahinatu a gabanmu ta girma. Har gobe ina tuna yadda yake tsayawa a ƙofar gidansu cikin ruwan Douala da ba ya ɗaukewa, riƙe da wata lema mai karyayyen ƙarfe, yana jira ta leƙo su gaisa. Aure ya yi albarka, aka sami 'ya, Kausar. Daga baya ciwon suga ya kama shi, sannu a hankali kuma ya taɓa abin da namiji ba ya son a ambata: ƙarfinsa na miji ya ja baya. Mutumin da dariyarsa ke tsallaka katanga ya koma shiru.

Wata safiya Rahinatu ta same shi ya zuba wa kofi ido.

"Baban Kausar, shayinka ya huce."

"Bar shi kawai."

"Jiya ma haka ka ce. Ni fa ba katifa na aura ba, mai karyayyar lemar nan na aura."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Rahina, ranar da za ki gaji nake tsoro."

"In na gaji da bakina zan faɗa maka. Tashi ka je ka ga likita!"

Ya je wani asibiti a Bonamoussadi. Likita ya bayyana masa wani magani da ake kira ondes de choc: 'yar na'ura ce ake ɗorawa a jiki, tana aika bugun sauti mai sauƙi don jini ya sami hanya. Babu yanka, babu lantarki a jikin mutum. Bai yi masa alkawari ba. Ya ce wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu, kuma tilas ya kiyaye sugansa, ya riƙa zuwa mako-mako.

Kuskuren Mahmudu ɗaya ne: ran nan ya hau babur ɗin ƙanin matarsa, Bakari, ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, a Bépanda. Bakari ya raka shi har ciki, ya ji ma'aikaciya ta ce, "Monsieur Mahmoudou, pour les ondes de choc?" Da yake Faransancinsa na kan titi ne, kalmar ƙarshe kaɗai ta maƙale masa. Ya fita a guje sai gidan mahaifiyarsu, Hajiya Balkisu.

"Umma! C'est grave! Mijin Yaya ya taɓu!"

"Kai, rufe mini baki!"

"Wallahi da kunnena na ji! Shok ake yi masa! Kin san waɗanda ake jona wa wuta a kai, ai masu taɓin hankali ne. Ba ki ga ya daina magana ba?"

Kafin la'asar labari ya biya teburin mai shayi, ya isa Mboppi. Hajiya ta yafa gyale ta je da kanta ta ɗauke 'yarta da jikarta.

"Umma, hankalinsa ƙalau yake!" in ji Rahinatu cikin kuka.

"To shok ɗin na mene ne?"

Rahinatu ta kau da kai. Kalma ɗaya za ta wanke shi daga hauka, amma ita ce za ta tsiraita shi. Ta zaɓi hawaye. Hajiya ta ce, "Kin gani? Sai ya sake ki. Ba zan jira ya shaƙe ki cikin barci ba."

Haka maganar ta iso zaurena. Maza suka zauna a tabarma, mata a bayan labule, kamar yadda muka gada. Na gyara tabarau na tambayi Mahmudu ko gaskiya ne ana yi masa shok. Ya ce gaskiya ne. Na ce na mene ne? Ya dubi labulen. Mai karatu ya sani, a tarbiyyarmu suruki ko cin abinci ba ya yi a gaban surukarsa, balle wannan zance. Hajiya ta ce daga ciki, "Malam, a ba shi takarda ya rubuta, mu tashi."

Mahmudu ya miƙe, ya cire hularsa ya riƙe.

"Malam, gara a ce mini mahaukaci har in mutu da in faɗi wannan a gaban Umma. Amma ba zan rasa Rahinatu don kunya ba. Ciwona ba a kai yake ba..."

"Baban Kausar, kada ka faɗa!" Muryarta ta keto labule. "Zan jira ka ko shekara nawa ne!"

"Jiran da kika yi ya isa." Ya sunkuyar da kai. "Suga ya raunana ni a matsayina na miji. Maganinsa nake nema. Ita ta sani tun farko, ta rufa mini asiri."

Na ji Hajiya ta ce a hankali, "Innalillahi. Ya isa, ɗana, ya isa." Ta fita ta ƙofar baya fuskarta a rufe. A nan na juya ga Bakari, na karantar da shi abin da bulala ta karantar da mu: onde na nufin igiyar sauti, kuma wanda ya yar da ita ya riƙe choc ya yar da doki ya riƙe linzami.

"Pardon, Malam, ni na ɗauka..."

"Ba a tambaye ka ka ɗauka ba."

A yammacin ranar Hajiya da kanta ta mayar da 'yarta ɗakinta, da kwanon tuwon dawa, ta ce ta ji ya fi dacewa da mai suga. Game da sakamakon magani, dattijo ba ya leƙen ɗakin mutane. Abin da zan iya shaida shi ne, kafin damina ta wuce na sake jin dariyar Mahmudu tana tsallaka katanga, na kuma gan su suna dawowa daga suna a ƙarƙashin lema ɗaya.

Saboda haka, 'yan mata, ku dubi Rahinatu: haƙuri da rufin asirin miji ba sa faɗuwa ƙasa banza. Maza kuwa ku sani rauni ciwo ne kamar kowane ciwo, neman maganinsa ba abin kunya ba ne.

Shi kuwa Bakari, ga tarar da na yanka masa: ya kai wa surukinsa ƙwaryar goro, ya koma teburin mai shayi ya ce Mahmudu lafiyar hankalinsa ƙalau, ba tare da ya ƙara ko harafi ɗaya ba, sa'an nan ya riƙa kai shi Bonamoussadi a kan babur duk ranar magani har a gama, ba ko sisi, yana jira a waje, bakinsa a rufe.