Mutum a Ruwa

Ranar farko a makarantar tuƙin jirgi mai inji da ke bakin mashigin Kilifi, Kadzo ta sa rigar ceto baibai. Saurayin da ke gefenta ya yi ta kame-kame kafin ya ce, "'Yar'uwa, maɗaurin a gaba yake."

"Kai da ka iya, me ya kawo ka koyo?"

"Ni ma yanzu aka gyara min tawa."

Sunansa Ngumbao, bakanike ne, wani otal ya yi masa alkawarin aiki in ya samo takardar tuƙi. Ta harare shi kawai. Kadzo ta daɗe rabonta da dariya. Shekara uku ke nan da yayanta Safari ya faɗa teku daga jirgin kamun kifin mahaifinsu, har yau ba a ga gawarsa ba. Tun ranar mahaifin nasu, dattijo Mzee Charo, ya rantse babu ɗansa da zai ƙara hawa ruwa, babu mai aikin ruwa da zai auri 'yarsa. A ɓoye take zuwa makarantar, don ta gaji da tsoron abin da take gani kullum ta taga.

Ranar da suka fara hawa babur ɗin ruwa sau uku tana kifewa. Da yamma saƙon Ngumbao ya shigo wayarta: "Kifina, kin sha rabin mashigin yau. Ki rage mana na gobe. Zan zo miki da fanken mahamri masu zafi."

Ta amsa: "Ka ji da kanka, mai tuƙi kamar yana gudun 'yan sanda. Biyu nake so."

Haka so ya shiga ba sallama. Amma zancen duniya ba ya ɓuya. Kazungu, mai shagon siminti a Malindi wanda Mzee ke so ta aura, shi ya kai gulma gida, ya kuma turo mata hoton Ngumbao a kan babur, wata Baturiya ta riƙe ƙugunsa. Kwana huɗu ba ta ɗaga wayar Ngumbao ba, tana kuka tana wanke-wanke.

"Kifina, darasin ɗaukar fasinja ne," ya rubuto. "Matar a haife ta haifi uwata. In laifi ne na karɓa, amma ki zo jarrabawa."

Ta zo. Mzee Charo ma ya zo, ya tsaya a kan gadar katako da sandarsa.

"Kadzo! Fito mu tafi. Ɗaya bai ishe ni ba?"

"Baba, ka yi haƙuri, saura gwaji ɗaya."

Mwalimu Omari mai koyar da su bai jira ba, ya sa aka tura jirgi. Ngumbao ke tuƙi. Da suka kai inda igiyar ruwa ke tashi, Mwalimu ya wurga jarka cikin ruwa ya daka tsawa, "Mutum a ruwa!"

Dokar ita ce mutum ɗaya ya nuna wurin da hannu, kada ya ɗauke ido ko me zai faru. Kadzo ta miƙa hannu. Jarkar ta ɓace, ta ɓullo, ta sake ɓacewa. Hawaye na zuba, ba ta sauke hannun ba. Ngumbao ya bi yatsanta, ya zagayo ta ƙasan iska, ya kashe inji, suka ciro jarkar.

Da suka dawo sun tarar da tsohon a zaune dirshan a kan katako.

"Mu shida ne a jirgin," ya ce, murya na karyewa. "Kowa ya juya neman igiya. Ni ma na juya. Da muka waigo ba mu san inda Safari yake ba." Ya dubi Ngumbao. "Yaro, haka ake koya muku?"

"Haka ne, Mzee."

Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe. "Ka turo manyanka."

Bayan damina ta wuce aka yi biki, da shinkafar pilau da kiɗa, amarya tana murmushi ido jawur. Mzee Charo ya haɗa hannuwansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a. In kun samu namiji, ku ba ni shi in koya masa kamun kifi."